Dangin dabino a ƙasar ƙanƙara: me ke raya su, kuma me ya sa Suwizalan ta hana sayar da ɗayansu?

Tun daga ranar 1 ga Satumba, 2024, doka ta hana sayarwa ko bayarwa kyauta ko shigo da wata bishiya mai suna Trachycarpus fortunei a ƙasar Suwizalan. Majalisar zartarwar ƙasar ce ta amince da gyaran dokar a ranar 1 ga Maris na shekarar, ta saka bishiyar cikin jerin baƙin tsirran da ke mamaye daji suna danne na gida. Abin ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Bishiyar 'yar uwar dabino ce da giginya, kuma a sanin kowa wannan dangi na ƙasar zafi ne. A Jamus da Holand da arewacin Amurka masu lambu na kashe kuɗi suna lulluɓe ta duk shekara don kada sanyi ya halaka ta, ga shi kuma a kudancin tsaunukan Alfs na Suwizalan hukuma na neman yadda za ta rage yawanta. Bishiya ɗaya, a nan ana lallaɓa ta kamar ƙwai, a can ana tumɓuke ta kamar ciyawa. Dalilin yana cikin halittar bishiyar kanta, da kuma bambancin da ke tsakanin wani sanyi da wani.

Waɗanne bishiyoyi, kuma wane sanyi

Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa dabino da giginya da goriba da kwakwa da tukuruwa, amma masana tsirrai sun tara su a gida ɗaya mai ɗauke da iri kusan 2,600. A nan za a kira su dangin dabino. Mafi yawansu ba sa tsallake ko dare ɗaya na ƙanƙara. 'Yan kaɗan ne suka fito daga tsaunuka ko daga yankunan da ake yin jaura ta gaske, kuma su ne ake dasawa a lambunan Turai da arewacin Amurka.

Sanyin da ake magana a kai ba irin na hunturun Kano ko Damagaram ba ne, inda dare kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 a ma'aunin Salshiyos har a hura wuta ana jin ɗumi. Ruwa na daskarewa ne a sifili. Duk inda aka rubuta -10 a ƙasa, ana nufin digiri 10 ƙasa da sifili, wato sanyin da ke mai da ƙasar lambu tauri kamar daɓe.

Akwai kuma ruɗani na suna. Bishiyar da ta cika garuruwan bakin teku na kudu maso yammacin Ingila, wadda mutanen wurin ke ɗauka a dangin dabino, Cordyline australis ce daga Niyu Zilan, kuma ba ta cikin dangin ko kaɗan. Idan sanyi ya ƙone ta har ƙasa takan sake tofowa daga gindi. Wanda ya ga haka ya zaci Trachycarpus ma za ta yi, zai yi jiran da ba shi da ranar ƙarewa.

Zuciya ɗaya tak

Darbejiya ko mangwaro, in aka sare musu kai, sai su yi toho ta gefe. Dangin dabino ba su da wannan gata. Kowace ganga tana da wurin tofo guda ɗaya, ɓoye a tsakiyar kai cikin gindin ganyaye, shi ake kira zuciya. Daga nan kowane ganye ke fitowa, da farko a dunƙule, tsaye, mai tsini, shi ya sa masu lambu ke ce masa mashi. Zuciya ta mutu, ganga ta mutu, ko da tsofaffin ganyaye sun yi watanni suna kore. Waɗanda ke fid da 'ya'ya a gindi, kamar dabino, su ne kawai ke da hanyar farfaɗowa. Haka kuma gangar ba ta warkar da rauni: sara ko ƙusa da aka yi mata yana nan har ƙarshen rayuwarta.

Idan sanyi ya sauka, ƙanƙara na fara taruwa ne a tsakanin ƙwayoyin halittar ganye, tana zuƙo ruwan da ke cikinsu. Wanda ya fita lambu da asuba a daren -8 zai tarar da ganyen Trachycarpus ya yi duhu kamar an jiƙa shi da mai, yatsunsa sun naɗe sun tsuke. Wannan ba mutuwa ba ce. Da rana ta ɗaga, ƙanƙara ta narke, ruwa ya koma mazauninsa, ganye ya buɗe. Ɓarna na faruwa ne idan sanyin ya yi tsanani ko ya daɗe har ƙwayoyin suka bushe suka fashe, kuma sau da yawa ba a ganin alamarta sai bayan makonni, wajen Maris ko Afrilu.

Sassan bishiyar ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ganyen babbar Trachycarpus na iya kai wa wajen -12 zuwa -14 kafin ya ƙone, amma saiwa na lalacewa tun daga -6 zuwa -8. A cikin ƙasa wannan ba ya cika zama matsala, domin ƙasa na riƙe ɗumi. A cikin tukunya kuwa, sanyi na shiga ta kowane gefe, kwana biyu ko uku sun isa su daskarar da ita gaba ɗaya. Shi ya sa bishiyar da ke tsakar lambu ke tsira a daren da 'yar uwarta ta tukunya, a bakin ƙofar gida ɗaya, ta mutu.

Lambar da ke jikin takardar dashe

Kusan duk dashen da aka saya yana zuwa da takarda mai cewa yana jure -15 ko -18. Ana haɗa wannan lamba da taswirar Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda ta raba ƙasa zuwa shiyyoyi 13 bisa sanyi mafi tsanani na kowace shekara. An sabunta taswirar a Nuwamba 2023 da bayanan 1991 zuwa 2020. Shiyya ta 7 tana tsakanin -17.8 da -12.2, ta 8 tsakanin -12.2 da -6.7. A Birtaniya ƙungiyar masu lambu ta RHS na da nata ma'aunin daga H1 zuwa H7, inda Trachycarpus ke H5, wato -15 zuwa -10.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar waɗannan lambobi a matsayin alkawari. Lambar shiyya matsakaici ce ta shekara 30, ma'ana akwai shekarun da sanyi ya wuce ta nesa. Disamban 2010 shi ne Disamba mafi sanyi a Birtaniya cikin shekara ɗari, kuma bishiyoyi masu yawa da suka yi shekara goma lafiya lau sun tafi a wannan watan. A ranar 16 ga Fabrairu, 2021, sanyi ya kai kusan -19 a Dalas ta jihar Teksas, aka yi asarar dogayen 'yan dangin dabino masu suna Washingtonia bila adadin a biranen jihar, alhali gajerar 'yar uwarsu Sabal minor, wadda gangarta ke binne a ƙasa, ta tsallake.

Tsawon lokaci ma yana da nasa lissafin. Awa uku na -12 kafin fitowar rana, sannan yini mai ɗumi, sun fi sauƙi a kan kwana bakwai na -7 ba tare da narkewa ba, domin na biyun ne ke ratsa ganga ya isa zuciya.

Sai laima, wadda ita ce babbar mai kisa a arewa maso yammacin Turai. Dabinon Ingal da Bilma da kwarurrukan Ayar na ganin darare masu tsananin sanyi a hunturu, wani lokaci har kusa da sifili, amma iska busasshiya ce, ƙasa busasshiya, kuma gari na wayewa rana ta buɗe. Washingtonia filifera ta hamadar Kalifoniya haka take: tana jure wajen -10 a bushe, amma a Ingila ruwan sama kan kwanta a tsakiyar kanta, ya daskare da dare, ya narke da rana, ya sake daskarewa, har fumfuna ta samu ƙofa. Ba tsananin sanyin ne ke kashe ta ba, ruɓa ce.

Abu na ƙarshe da lambar ba ta faɗa shi ne zafin da bishiya ke bukata a watannin Yuni zuwa Agusta don ta mayar da abin da ta rasa. Rhapidophyllum hystrix ta kudu maso gabashin Amurka ita ake ɗauka mafi jure sanyi a dangin duka, tana kai wa -20, amma ta saba da zafi mai gumi na Jojiya da Alabama. A Sukotland sai ta zauna shekara guda da ƙyar ta fid da ganye ɗaya ko biyu, in kuwa sanyi ya ƙone uku, tana ci baya ke nan kowace shekara. Trachycarpus akasin haka take. Ta fito ne daga tsaunukan Sin masu ruwa da sanyi, tana girma ko da zafi bai wuce digiri 18 ko 20 ba. Wannan ne ya sa ake ganin jerinta a lambun Logan da ke kudu maso yammacin Sukotland da bakin tekun Bankuba ta Kanada, wuraren da ruwan teku ke sassauta hunturu amma zafi ba ya yin yawa.

Wace za a dasa a ina

Ga yankin da ke da laima da sanyin da ba ya wuce -15, Trachycarpus fortunei ba ta da na biyu. Likitan nan Bajamushe Philipp Franz von Siebold ne ya kai ta Holand daga Japan a 1830, sannan Robert Fortune, mutumin Sukotland da aka fi sani da kwashe shukar shayi daga Sin zuwa Indiya, ya aika da ita Ingila a 1849, kuma sunansa take ɗauke da shi. Ganyenta kamar mafici yake, irin na giginya amma ƙarami, gangarta kuma lulluɓe da wani gashi mai ruwan ƙasa wanda a Sin ake tufka igiya da yin burushi da rigar ruwa da shi. In ta kafu tana ƙara santimita 10 zuwa 30 a shekara, har ta kai mita 10 ko fiye. Rauninta iska ce, mai kakkarya yatsun ganye ta bar su a rataye. A bakin teku ko kan tudu gara a nemi nau'inta da ake kira wagnerianus, mai ƙananan ganyaye masu tauri.

Chamaerops humilis ta yammacin Bahar Rum ce, Sifaniya da Italiya da Maroko da Aljeriya, gajera mai tasowa a dunƙule kamar kaba. Ƙarfinta bai wuce wajen -10 ba, amma tana da 'ya'ya a gindi, don haka ko babbar ganga ta mutu akwai magaji. Nau'inta mai ganye toka-toka daga tsaunukan Atlas ya fi jure sanyi, muddin ƙasa na tsane ruwa. Butia odorata ta kudancin Barazil da Yurugwai da Jubaea chilensis ta tsakiyar Cile suna da dogon ganye irin na dabino, suna kai wa -10 zuwa -12 in sun manyanta, sai dai Jubaea na da jinkirin da wanda ya shuka ƙwallonta ba lallai ya zauna a inuwarta ba. Phoenix canariensis, 'yar uwar dabino ta kusa, tana fara ƙonewa tun daga -6 zuwa -8, shi ya sa a Birtaniya ba ta cika wuce wurare masu sassaucin sanyi irin tsakiyar Landan da gaɓar Konwal ba. Rhapidophyllum da Sabal minor na inda hunturu ke da tsanani amma bazara ke da zafi ne, kamar gabashin Amurka.

Dasawa da reno

Wuri shi ne rabin aiki. A arewacin duniya bangon da ke fuskantar kudu yana shan rana da yini, ya saki ɗumi da dare, yana kuma tare iskar arewa. Kwari da gindin gangare wuraren gudu ne, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarowa ta kwanta a can kamar ruwa.

Ana dasawa daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni, bayan ƙasa ta ɗumama, don saiwa ta samu wata huɗu ko biyar tana aiki kafin sanyi. Dashen Oktoba yakan shiga hunturu da saiwar da ba ta kama ba. A haƙa rami mai faɗi ninki biyu na dunƙulen saiwa, amma zurfinsa daidai da na tukunyar, ba ƙari. Binne ganga don bishiya ta tsaya da kyau yana toshe wa saiwa iska, kuma illarsa kan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ta bayyana. Idan ƙasar laka ce, zuba tsakuwa a gindin rami ba ya magani: ramin na zama randa, ruwan kewaye ya taru a ciki. Abin yi shi ne a tara tudu mai tsayin santimita 20 zuwa 30 na ƙasa da aka gauraya da tsakuwa, a dasa a kansa.

Girman dashe na da muhimmanci. Tsiro mai ganye uku ko huɗu na iya mutuwa a -8, don haka a bar shi a tukunya har gangarsa ta kai santimita 20 zuwa 30. Manyan da ake haƙowa daga gonakin Sifaniya da Italiya kuma suna zuwa da yankakkiyar saiwa, sukan yi shekara biyu ba su motsa ba, kuma a wannan lokaci ba su da ƙarfin da takardarsu ta faɗa. Wanda aka rena a ɗakin gilashi yana bukatar mako biyu zuwa uku a inuwa kafin a fitar da shi rana, in ba haka ba ganyensa ya babbake.

A shekarar farko a ba da lita 10 zuwa 20 na ruwa sau biyu a mako idan ba a yi ruwan sama ba. Mutane na zaton dangin dabino ba sa son ruwa, alhali Trachycarpus a lokacin zafi tana sha sosai, a lokacin sanyi ne ba ta son ƙafarta cikin taɓo. A shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 8 zuwa 10 a kewaye, a bar ɗan fili tsakaninsa da ganga.

Taki kuwa, wanda masu bincike a Jami'ar Fulorida suka tsara wa wannan dangi shi ne 8-2-12 da ƙarin maganiziyam 4, wato fotashiyam ya fi naitirojin yawa. Kimanin giram 70 a kowace murabba'in mita, sau ɗaya a Mayu, sau ɗaya a Yuli, ya wadatar. Daga Agusta a dakata, domin tohon da taki ya ingizo a ƙarshen shekara laushi gare shi. Ɗigo-ɗigon rawaya ko ruwan lemo a tsofaffin ganyaye alamar ƙarancin fotashiyam ce, kuma takin ciyawar fili mai yawan naitirojin na ƙara ta'azzara shi. Rawaya a gefen ganye da kore a tsakiya, maganiziyam ne. Sabon ganye da ya fito a murɗe kamar wuta ta lashe shi, manganis ne, wanda saiwa ke kasa zuƙa idan ƙasa ta yi sanyi. Kada a yanke ganyen da bai bushe ƙarau ba, domin bishiyar na janye abinci daga tsohon ganye ta kai wa sabo.

Lulluɓi: inda masu lambu suka rabu

Wani ɓangare, musamman a Birtaniya da Ailan, na ganin cewa a zaɓi irin da ya dace a ƙyale shi. Hujjarsu ita ce lulluɓi ya fi sanyi kisa a ƙasa mai laima: bishiyar da aka naɗe daga Nuwamba zuwa Maris ba ta samun iska ko haske, gumi na taruwa, mashi na ruɓewa. Ɗaya ɓangaren, a gabashin Jamus da Poland da tsakiyar Amurka inda -18 ba baƙon abu ba ne, suna cewa ba tare da kariya ba babu maganar dasawa ma. Kowanne na da gaskiya a ƙasarsa. Inda sanyi ba ya wuce -10, kafaffiyar Trachycarpus ba ta bukatar komai. Tsakanin -10 da -15, lulluɓin 'yan kwanaki ne idan hasashen yanayi ya nuna. Ƙasa da haka, aiki ne na kowace shekara har ƙarshen rayuwar bishiyar, kuma da ta wuce mita uku sai da tsani.

Yadda ake yi: a ranar da ganye yake a bushe, a tattara shi sama a ɗaure da igiya mai laushi, a naɗe da yadin lambu mai barin iska ta ratsa, ninki biyu ko uku. Leda ba ta taɓa ganye, amfaninta kawai a yi rumfa da ita a sama don tare ruwa, gefuna a buɗe. A ƙara kaurin ɓawon gindi zuwa santimita 20 ko 30. Inda ake sa wayar ɗumamawa, a haɗa ta da na'urar da ke kunna ta idan sanyi ya kai wajen -5 ta kuma kashe in ya sassauta, domin ɗumi mai yawa na tayar da toho a lokacin da bai dace ba. Da sanyin ya wuce a kwance lulluɓin. Dusar ƙanƙara mai nauyi a kakkaɓe ta da tsintsiya kafin ta karya ganye.

Ta tukunya, tukunyar ake naɗewa, a ɗaga ta daga ƙasa da katako, ko a shigar da ita gareji mai sanyin sifili zuwa digiri 10. Ɗaki mai hita ya yi mata zafi da duhu. A riƙa ɗan ba ta ruwa a ranakun da ƙasa ta narke, domin ganye na ci gaba da fitar da ruwa ko a hunturu, kuma da yawa daga waɗanda ake cewa sanyi ya kashe, ƙishirwa ce ta kashe su.

Idan mashi ya zare

A watan Maris a kama mashi a ja shi a hankali. In ya zare ba wuya, gindinsa ya yi laushi yana wari, ruɓa ta shiga, amma zuciya na iya kasancewa da rai a ƙasa da wurin. A cire duk abin da ya ruɓe, a tsane ruwan ramin da tsumma, a zuba maganin fumfuna mai sinadarin tagulla ko ruwan haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, a yi wa kan rumfa. Sabon ganye kan leƙo cikin makonni, gajere, a yamutse. In Yuni ya zo ba motsi, dabara ta ƙarshe ita ce a riƙa yanke saman ganga da zarto, santimita biyu ko uku a kowane yanka, har a iske nama fari mai tauri. Idan zuciya na raye, tsakiyar yankan kan turo sama cikin 'yan kwanaki.

Yadda ta tsallake katanga a Ticino

A jihar Ticino, mai magana da Italiyanci a kudancin Suwizalan, an dasa Trachycarpus a lambunan otal da gidajen masu hali na bakin tafkunan Lugano da Majore tun ƙarni na 19, har ta zama tambarin yawon buɗe ido na yankin. Shekaru da dama tana cikin katanga. Tana yin 'ya'ya, amma tsiron da ya fito a daji sanyi na kashe shi. Daga wajen shekarun 1970 hunturu ya fara sassautawa, kwanakin ƙanƙara suka ragu, ƙananan suka fara tsallake shekarunsu na rauni.

Kamar dabino da giginya, akwai namiji akwai mace. Macen na fid da dubban 'ya'ya masu launin shuɗi mai duhu, kowanne kamar ƙwayar wake, tsuntsaye su haɗiye su kai daji. Dajin yankin na itatuwa ne masu zubar da ganye a kaka, don haka duk hunturu haske na sauka har ƙasa, ita kuwa da korenta tana cin rana ita kaɗai. In ta yi yawa sai ta rufe ƙasa da inuwa, 'ya'yan itatuwan gida su kasa tasowa. Masu bincike na cibiyar nazarin daji ta ƙasar, WSL, sun nuna ƙarin damuwa biyu: saiwarta siririya ce ba ta riƙe gangaren dutse kamar ta itatuwan da take maye wa gurbi, a yankin da daji ke kare gidaje daga zaizaya da faɗowar duwatsu, sannan busassun ganyayen da ke rataye a jikinta makamashi ne ga gobara. Abin ya zama akasin inuwar giginya: mai lambu ke shan inuwa, na nesa ke ɗaukar wahala.

Masu sukar dokar na da nasu hujjojin. Masu renon itatuwa sun rasa haja mai tafiya. Wasu na cewa matsalar ta kudancin Alfs ce, bai kamata a hana mutumin Zurik ko Basel da ke arewacinsu ba. Wasu kuma na nuna cewa hana sayarwa bai taɓa dubban matan bishiyar da ke zuba 'ya'ya a lambuna yanzu haka ba. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, domin dokar ba ta tilasta sare ko ɗaya ba. Amsar masu goyon baya ita ce an riga an fara ganin tsiro a dazuzzukan arewacin Alfs, kuma abin da ya faru a Ticino cikin shekara 50 na iya maimaituwa a can idan hunturu ya ci gaba da laushi. Su kansu masu binciken ba su ce za a iya kawar da ita daga Ticino ba, shawararsu ita ce a mai da ƙarfi kan dazuzzukan bakin kogi da waɗanda ke kare garuruwa.

Wajen kawar da ita, halittar nan ta zuciya ɗaya ce ke sake yin hukunci. Babba in an sare ta daga ƙasa ta mutu. Ƙarama wadda gangarta ba ta kai kimanin santimita 60 ba, zuciyarta na kusa da ƙasa, sara na wucewa ta samanta, sai ta sake turowa daidai yadda take yi wa mai lambun da ya yanke ta don ceto. Dole a huda tsakiyar kututturen a lalata zuciyar. Tsiro kuwa da hannu ake cire shi.

Abin da ya shafi mai gida da matafiyi

Mazaunin Suwizalan da ke da bishiyar zai ci gaba da riƙe ta, amma ba zai ba maƙwabci tsironta ba, ba kuma zai sayo wata daga Italiya ko Jamus ya shigo da ita ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya yanke furannin, masu launin rawaya da ke fitowa wajen Mayu, kafin su zama 'ya'ya. In sun riga sun ƙulla, a sa su a sharar da ake ƙonawa, ba a juji ko bakin daji ba. A Birtaniya da Jamus ana ci gaba da sayar da ita, sai dai mai saye ya duba ganga da kyau: ramuka da garin itace a gindin ganye alamar tsutsar malam-buɗe-littafin nan Paysandisia archon ce, wadda ta shigo Turai daga Kudancin Amurka cikin dashe kuma take cin zuciyar Trachycarpus da Chamaerops.

Ga wanda ke tasowa daga Najeriya ko Nijar da sha'awar ganin bishiyar gida a ƙofarsa, tun daga 14 ga Disamba, 2019, ba a shiga Tarayyar Turai da dashe ko irin shuka sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. 'Ya'yan itace biyar ne aka ɗauke wa wannan sharaɗi: dabino, kwakwa, ayaba, abarba da duriyan, wani ɗan itace na Asiya. Giginya da goriba ba sa rayuwa a waje a arewacin Turai ko da an samu takardar. Ƙwallon dabino kuwa, in an jiƙa shi kwana biyu aka binne shi santimita biyu a doguwar tukunya mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, yana tsirowa cikin wata ɗaya ko biyu, ya yi kyau a bakin taga. Girmansa na tsayawa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, fure na bukatar sama da 18, nunar 'ya'ya kuma na bukatar watanni na zafi busasshe. A Turai, sai an gangara kudu har garin Elce na Sifaniya kafin a tarar da gonar dabinon da ake girbewa.